Majanyin Tela

Daga Indabo har bakin gadar Wudil, duk wanda ya yi wayo a zamanin samartakarmu ya san bayana bai taɓa taɓa ƙasa ba. Kai, bar ta baya, ko gwiwata ƙasa ba ta san kamanninta ba sai a wajen sallah. Idan kaka ta yi aka buga gangar kokawa a dandali, iyaye mata a rumbu suke ɓoye samarinsu don kada tsautsayi ya haɗa su da ni. Akwai wani ƙato ɗan Dagumawa da na taɓa cillawa sama bayan la'asar, bai sauko ba sai da aka kira magariba, shi ma don kada jam'i ya wuce shi ne. Ina da shaida a kan wannan magana. Sai dai shaidar tawa tela ne, kuma a yau ko rantsuwa ya yi cewa akwai ruwa a kogin Wudil, sai na je na tsoma hannu.

Telan nan aminina ne. Rana ɗaya wanzami ɗaya ya yi mana kaciya, a ɗaki ɗaya muka yi jinya muna kuka bi da bi. Shi ne babban abokin ango ranar aurena, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba saboda ina kasuwa aka haihu. Duk wandon da na taɓa sawa tun ina saurayi almakashinsa ne ya yanka shi. Dogo ne siriri kamar zalɓe, idan ya zauna a kan benci gwiwoyinsa har kunne suke kai masa. Shekara da shekaru yana taka keken ɗinki, don haka ƙwaurinsa ba nama, jijiya ce zalla kamar igiyar kiri.

Ni kuwa dillalin shanu ne a kara. Allah ya yi mini rufin asiri, rufin asirin kuma duk ya taru a gaba. Tumbina kan riga ni shiga masallaci ya kama mini sahu. Na daɗe ban ga yatsun ƙafata ba, labarinsu kawai nake ji a wajen mai yankan farce. Da jiri ya fara ɗibana ran Juma'a a tsakiyar ciniki, likita ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya dube shi, ya dube ni, ya ce hawan jini ya riga ya shigo, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa yana sallama. Ya ce in nemi abin motsa jiki. Na ce, "Likita, ni da nake bin bijimi a guje?" Ya ce, "Yaushe rabonka?" Na ɗauki takardar magani na fita.

Ana cikin haka wasu ma'aikatan jami'a suka zo kara neman bijimin watandar Kirsimeti. Cikinsu akwai wani gajere mai tabarau, Kirista ne ɗan Filato, Hausarsa tas. Ina shafa tozon bijimin ina ba su labarin ƙaton Dagumawa, kowa na dariya, shi kuwa yana saurare kamar ana karatu. Da aka sallama ya ce, "Alhaji, muna da ɗan wurin kokawa a Sabon Gari, muna taruwa bayan la'asar. Ka zo ka ƙara mana ilimi mana." Na ce in dai suna da mai ɗori a kusa, zan zo.

Wurin tsohon siton hatsi ne, an shimfiɗa soso an lulluɓe da tamfol. Ɗalibai ne yawanci, sanye da wasu riguna masu kauri kamar buhu, kowa ya sha ɗamara. Sunan abin jiyu-jitsu, gajeren nan kuma shi ne malaminsu, a kudu ya koyo. Ya cire tabarau ya ce mini bismillah. Na cafki kwalarsa, ban ma gama gyara tsayuwa ba sai mutumin nan ya zauna daɓas a ƙasa da kansa. Na ɗaga hannu sama na juya wajen yaran na ce, "Kun gani? Iskata ma ta ishe shi." Daga ƙasa ya ce, "Alhaji, ai yanzu aka fara." Ya saƙalo dunduniyata da hannu, ya tokare ƙuguna da ƙafa, sai ga ni ina kallon ramukan ƙusa a kwanon rufi. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Amma na tashi na karkaɗe riga, na bayyana wa jama'a cewa a ƙa'idar kokawa wanda ya fara taɓa ƙasa shi ya faɗi, don haka wannan ba ta shiga lissafi. Har yau ban sa ta ba.

Na ci gaba da zuwa, don likita, kuma don abin ya tsaya mini a rai. Na sa masa suna kokawar kwance. A wajensu faɗuwa ba komai ba ce. Sai an murɗe maka hannu ko an shaƙe ka, ka bubbuga jikin mutum ko shimfiɗa alamar ka sallama, ya sake ka, ku yi musabaha ku sake sabon lale. Mafi munin abin da zai same ka shi ne mutum ya zagaya ya ɗafe bayanka, hannu ɗaya ta saman kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, yana laluben wuyanka kai kuwa ko ganinsa ba ka yi. Yaran suna da sunansa na Turanci, ni na ce wannan ai goyo ne, sunan kuma ya bi shi. Goyon ma yana da wani mataki na mugunta. Wanda ke bayan naka ya ratsa ƙafa ɗaya a kan cikinka kamar sakata, ya cusa idon sawunta a bayan gwiwar ɗaya ƙafar, ya ƙulle. An ɗaure ka ke nan da ƙashi da jijiya. Kana fitar da numfashi yana ƙara matsewa, mai shiga kuwa ba hanya. Tunda an ce goyo, wannan sai na ce majanyi.

To, a nan Allah ya rama mini. Shaƙa kam na sha ta. Yaran da na haifi sa'o'insu sun murɗe ni ta ko'ina suna cewa, "Sori, Baba." Amma majanyi ya gagara. Ba ƙafar da ke zagaye tumbina ta haɗu da 'yar'uwarta. Malam ya gwada, tasa ko cibiya ba ta wuce ba. Ɗalibai suka yi layi kamar masu ɗiban ruwa a famfo, kowa ya hau ya sauko. Wani dogon ɗalibi ɗan Taraba ya yi ta miƙa har jijiya ta ɗaure masa, sai da aka yi masa tausa. Ni kuwa ina zaune ina yi wa kaina kirari: "Rumbu sai kallo! Kuka ta fi ƙarfin runguma!" Duk abin da ya rage mini na jarumta a ɗakin nan shi ke nan, na kuwa riƙe shi hannu bibbiyu. A teburin mai shayi ba ni da wata hira sai ita.

Aminina da kallo ya fara zuwa, wai ya ga yadda ake ɗinka rigunan. Sai ya ɗinka wa kansa guda. Ranar da ya fara gwada mini majanyi, ƙafarsa ta zagayo ta wuce ta kowa, amma ta tsaya saura kamar taƙi. Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Mutumina, koma shago ka ƙara wa ƙafar ƙyalle." Ya yi murmushi, ya daɗe yana kallon cikina. Na ɗauka sha'awa ce.

Ba a daɗe ba, wata rana ana idar da sallar asuba ya riƙo hannuna a ƙofar masallaci. Ya ce, "Jiya ban yi barci ba, maganar likitan nan nake ta tunawa. Duk waɗanda muka taso tare sun watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Idan ka faɗi, wa zan kira in ce ka tuna kaza?" Wallahi sai da na kau da kai don kada ya ga idona.

Daga ranar kullum shi ke jana tattaki. Mu bi ta bayan gari mu gangara bakin kogi, mu wuce masu lodin yashi a tifa, mu wuce masunta suna jawo kwale-kwale, mu hau gada mu dawo. Idan na tsaya ina haki ya ce, "Daure, saura kaɗan," ya tura ni ta baya kamar motar da batirinta ya mutu. Mai ƙosan bakin hanya ta daina kirana don ya ja mata kunne. Idan muka je wajen mai balangu, ya sa hannu ya tsince kitsen kaf ya cinye.

"Kai, mutumina, ka bar mini ko guda."

"Cutar nake ɗauke maka. Ni ba ta kama ni, ka ga ba inda za ta zauna."

Ya zo har gidana ya tsaya daga zaure ya yi wa Hajiya, maiɗakina, bayani: a rage malmalar tuwo, a daina lemon kwalba, zoɓo kuma ba suga. Hajiya, wadda ta gaji da faɗa mini haka ina cewa tumbin ai shaidar iya girkinta ne, ta ce, "Allah ya saka da alheri, ai kai yana jin maganarka."

Na yi ta sa masa albarka. Na tara 'ya'yana na ce su dubi wannan bawan Allah su san abin da ake kira amini. Na sa shi a addu'a cikin sujada, kafin ma in roƙa wa kaina. Jiri ya tafi. Na ga yatsun ƙafata, muka gaisa. Lokaci-lokaci in na biyo ta shagonsa sai ya ce, "Zo in ga wandon nan, ya fara yi maka yawa." Ya zagaya ƙuguna da tef, ya danne wurin da babban yatsa, ya duba. Sannan ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ni a zatona allura ce ta faɗi. Har na taɓa taya shi nema.

Wata Asabar, ana gab da shiga azumi, na isa siton na tarar da shi cike. Waɗanda suka daɗe da daina zuwa sun dawo. Mai shayi ya rufe tebur ya zo, ga mai faci, ga wasu dattawa 'yan Indabo da suka san ni tun ina ɗaura warki. Na ce lallai labarina ya kai inda ya kamata. Aminina ya ce, "Malam, a haɗa ni da mutumina yau." Malam ya cire tabarau yana gogewa, bai kalle ni ba.

Muka tafa. Muka ɗan yi ja-in-ja, ya fizgi hannuna ya zille ta gefe, ya ɗafe baya ya jawo ni muka zauna. Ban damu ba, har ina ɗaga wa dattawan gira. Na ji ƙafarsa ta dama ta ratso cikina, na ce a raina zo ki tsaya inda kika saba tsayawa. Ba ta tsaya ba. Ta wuce, ta shige bayan gwiwar hagu, ƙwaurin nan na keken ɗinki ya zauna a ƙasan haƙarƙarina kamar an danna kwaɗo. Har nonon da na sha ina jariri sai da ya motsa.

Malam ya ɗaga murya: "Alhaji, kare wuyanka! Kwanta ta gefen ƙullin, ka kai bayanka ƙasa!"

In kai bayana ƙasa, da kaina, a gaban 'yan Indabo? Jikin da ya yi shekaru yana koyon abu ɗaya ba ya jin Hausa a irin wannan lokaci. Ɗan kokawa in ya ji wuya sama yake yi. Na tattara ƙarfina na dafa gwiwa na miƙe tsaye, da tela ɗaure a bayana. Malam ya zabura ya tsaya bayanmu da hannuwa a buɗe, don kada in faɗa a kan mutum in karya shi. Na girgiza, na yi tsalle, na zagaya ɗakin, yana nan liƙe, numfashinsa a kunnena.

"Kai, Alhaji, ashe an samu ƙaruwa!" in ji mai shayi. "Mace ko namiji?"

"Jijjiga shi, zai yi barci," in ji mai faci.

Wanda ya kusa barci ni ne. Hannunsa ya riga ya shige ƙarƙashin haɓata, ɗakin ya fara duhu daga gefe-gefe, muryoyi suka koma kamar daga ƙasan rijiya. Na durƙushe, na lalubi cinyarsa na bubbuga. Ya sake.

Da a nan abin ya tsaya, wallahi da na haɗiye. Kokawa ce, yau kai gobe wani. Amma ina durƙushe ina neman iska sai na ji ya miƙe yana gyara ɗamara, ya ce da jama'a, "Ban faɗa muku ba? Na ce muku kafin azumi zai shigo awo."

Aka ɗauki tafi. Dogon ɗan Taraba ya rungume shi yana cewa, "Oga tela, ka cika alƙawari!" Mai shayi ya ce shi da ya ɗauka sai bayan sallah. A nan na gane kowa ya sani. Tattakin bakin kogi, kitsen balangu, tef ɗin nan, duk gari na biye da su kamar wasan kwaikwayon rediyo, ni kaɗai ne ban san da ni ake yi ba. Mu a kara ɗaure bijimi ake yi a ciyar da shi ya yi ƙiba kafin ranar yanka. Ban taɓa sanin akwai wanda ake ramarwa ba sai a kaina.

Na sa takalmina na fita, ban tsaya musabaha ba.

Juma'a ta zagayo na tarar labari ya riga ni kara. Wani ya samo majanyi na gaske, saƙi, ya rataya mini a rumfa. Dillalan da nake ci da su kwano ɗaya suka yi ta zuwa barka ɗaya bayan ɗaya, da fuska a ɗaure, suna tambayar ko mai jego ta shiga ruwan zafi. Wani Bafulatani da ya sha hanya da shanunsa, wanda ko sunan Sabon Gari bai sani ba, ya gama gaishe ni ya leƙa bayana ya ce, "Ina ɗan?" Ni da nake sa kasuwa dariya tun kafin a haifi rabinsu, ranar na san yadda abin yake ta ɗaya gefen.

Malamai sun ce gaba ba ta halatta ta wuce kwana uku, ni kuma ba zan shiga wuta saboda tela ba. Don haka ina gaishe shi. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya jama'a, duk sai na jero masa su cif ina kallon saman hularsa, sannan in wuce. Shi ya san wannan gaisuwa ta fi zagi. Da asuba na koma fita ta ɗaya ƙofar masallacin. Ya zo gida da sabon wando a leda, wai na sallah, na ce a gaya masa ba na nan, da muryar da za ta ishe shi a zaure. Na kai yadina wajen wani tela a kasuwa, karo na farko a rayuwata. Ya yi mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, na sa abina haka na je idi ina ɗingishi don ya daidaita.

Na kuma ƙudura sai na mayar da rumbuna. Duk azumin nan da buɗa-baki nake yaƙi: ƙosai, kunu da suga, soyayyen dankali. Hajiya ta zuba ido na 'yan kwanaki, sannan ta fara ɗauke kwano.

"Hajiya, gidana ne ko gidan tela?"

"Gidanka ne, Alhaji. Shi ya sa ba na so a yi zaman makoki a cikinsa."

"Kin san abin da ya yi mini kuwa?"

"Na sani. Ya matse ka, ka ji zafi. Jirin fa, ya dawo?"

"Ba maganar jiri ake ba."

"Ni ita nake yi."

Abin da na kasa gaya mata, na kasa gaya wa kowa, shi ne ba matsewar ke cina ba, ba kuma dariyar kasuwa ba. Maganar ƙofar masallaci ce. In ya zama ita ma awo ce, to ban san me ya rage a tsakaninmu da ba awo ba. Sai na koma ina jujjuya tsofaffin alheransa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba haƙoran sa, ina neman inda aka yi mini algus.

Bayan sallah Malam ya yi sallama a ƙofar gidana da ledar lemo da ayaba. Muka zauna a zaure, muka gaisa, ya yi mini barka da shan ruwa. Sannan ya ce, "Alhaji, na san da maganar, ban hana ba. Na ga kana ramewa lafiya na ƙaruwa, na ce ko da wace niyya ce, alheri ne. Taron da aka tara maka kuwa, ban kyauta ba da na bari. Ka yafe ni." Na ce na yafe, shi baƙo ne, ba tare aka yi mana kaciya ba.

Ya ce, "To bari in biya ka da abin da nake da shi. Majanyin nan ana kwance shi."

Na tura ƙyauren zaure na sa sakata. Ya zauna bayana a kan tabarma ya ɗaura mini. Gajeriyar ƙafar nan da a da ko cibiya ba ta wucewa, ta ƙulle tsaf.

"Har kai, Malam?"

"Yi haƙuri, Alhaji. Yanzu kowa ma."

Ya bi da ni a hankali. Farko wuya: haɓa a ƙirji, hannuwa biyu a kan hannun da ke neman shaƙa, don wanda ya tafi kwance ƙafa ya bar wuya, barci zai yi kafin ya gama. Sannan ka lura da gefen da ƙullin yake, inda idon sawu ya shiga bayan gwiwa, ka kwanta ta wannan gefen, nauyinka duka ya danne ƙullin a ƙasa. Sawunsa da ke lilo a wajen cinyarka ka maƙale shi da ƙafarka, ka ɗaga ƙugu ka miƙe jiki. Idon sawunsa zai gaya masa gaskiya, da kansa zai buɗe. Yana buɗewa ka zame, ka sauke kafaɗunka, ka shimfiɗa bayanka gaba ɗaya a ƙasa, sannan ka juyo ka fuskance shi kafin ya haye ƙirjinka.

Duk ina yi har zuwa wajen shimfiɗa baya. A nan jikina yake cijewa kamar jaki a bakin gada. Kafaɗa ɗaya ta sauka, ɗayar ta ƙi. Malam ya sake ƙullewa, mu koma farko.

"Malam, ba wata hanya? Ta tsaye?"

"Ai ka gwada ta tsaye, gari ya gani."

"A wajenmu wanda bayansa ya taɓa ƙasa an gama da shi. Ko budurwa ba ta ƙara kallonsa."

"Alhaji, budurwar nan yanzu tana da jikoki. Duba nan. Baya ɗaya gare ka. In ka ba ƙasa shi, me ya rage wa tela ya hau?"

Na juya maganar a raina. Na ce, "Wato in hana shi." Ya ce, "Ka hana shi." Aka ce a hana tela, sai ga kafaɗa ta sauka da kanta. Na kwanta shame-shame a zaurena ina kallon azara, ba wanda ya kayar da ni. Sanyin ƙasa ya ratso tabarma ya shiga bayana, kuma tsakani da Allah da daɗi. Muka yi ta maimaitawa a ɓoye duk ranar da ya samu sarari, har na iya yi ido rufe.

Ranar da na koma siton ban gaya wa kowa ba. Ba mai shayi, ba 'yan Indabo, sai ɗalibai kaɗan. Aminina na gefe yana ɗaura ɗamara. Na jero masa gaisuwar nan tawa, ya amsa, sannan na zauna a tsakiyar shimfiɗa na juya masa baya.

"Zo ka ɗaura."

"Haba mutumina, ai ba sai..."

"Ɗaura, na ce."

Ya ɗaura. Azumi bai rage masa komai ba, ƙwaurin na nan kamar ƙarfen gada. Na manne haɓa, na riƙe hannunsa. Ƙafafuna suna ta roƙona in miƙe, na ce ku yi mini shiru. Ƙullin na hagu, na faɗa hagu. Na lalubo sawunsa na maƙale, na ɗaga ƙugu. Na ji ya ce "Wash!" a kunnena, kuma tun ranar da aka ce mini Hajiya ta sauka lafiya ban ji kalma mai daɗinta ba. Ƙullin ya buɗe. Na zame na shimfiɗa bayana a tamfol gaban kowa, na juyo, sai ga mu fuska da fuska, ni a sama, shi a ƙasa yana laluben idon sawu. Yaran suka kaure da ihu, "Baba! Baba!" Malam ya mayar da tabarau don ya gani da kyau. Ihun nan an ji shi a Dagumawa, wasu sun ce har shanu sun tsinke a kara.

Muka fito tare, don hanyarmu ɗaya ce, ba don na huce ba. Yana ɗan ɗingishi, ni kuma ban rage sauri ba sai da na ga na bar shi a baya sosai. Muka wuce mai balangu, ba wanda ya ce a tsaya. Nasarar ta yi daɗi, amma ba ta cire mini abin da ke cina ba. Da muka kai kwanar shagonsa na tsaya na riƙe hannun rigarsa.

Na ce, "Tsakaninka da Allah zan tambaye ka. Ranar nan a ƙofar masallaci da ka ce ba ka yi barci ba, da tattakin nan duka. Don lafiyata ka yi, ko don ƙafarka ta kai?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko almakashi na yanka. Ya jingina da ƙofar shago, ya ɗaga ƙafar yana murza idon sawu.

"Don lafiyarka mana, wane irin zance ne wannan? In ka mutu ai na shiga uku. Ka duba ɗakin can kaf, yaran nan ba wanda ba ya ninke ni kamar yadi. Duk garin nan kai kaɗai nake iya matsewa."